Mu Soma Shirin Ranar Iyaye Mata Tun Da Wuri



Abin da za mu fara daidaitawa shi ne ranar kanta, domin ba ɗaya ba ce ko'ina. 'Yan'uwanmu na Angilika suna yin tasu ran Lahadi ta huɗu cikin azumin Lent, wato mako uku kafin Ista, bisa ga al'adar Ingila. Waɗansu kuma suna bin ta Amurka, Lahadi ta biyu ga watan Mayu. Kowace majalisar dattawa ta tsai da tata tun farkon shekara, a sanar daga bagade.

Ta Amurkan tana da tarihin da ya kamata mu sani. Wata mace, Anna Jarvis, ita ta shirya sujada domin tunawa da mahaifiyarta a wata majami'ar Metodis a garin Grafton, a 1908. A 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya mai da ita ranar ƙasa. Amma kafin rasuwarta a 1948, ita da kanta ta yi ta yaƙi da 'yan kasuwa da suka mai da ranar ta cinikin kati da furanni.

Namu hatsarin daban ne. A wurare da yawa, iyaye mata su ke tara kuɗin anko, su ke cefane, su ke tsaye a bakin murhu tun asuba, har sujada ta wuce su. Wa aka girmama ke nan? Girkin ranar nan na matasa ne da Zumuntar Maza, ko da tuwon zai yi gudaji. Anko kuma kada ya zama dole. Mace ba za ta ƙi zuwa sujada don kunyar rashin zane ba.

Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, baikonmu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa muke roƙo a soma tun da kaka, lokacin da hatsi yake da araha. Kowane gida ya kawo mudu ɗaya ko biyu, a ajiye a hannun ma'aji. In aka bari sai bazara, rumbu ya yi ƙasa, farashi ya hau.

Wannan hatsi na gwauraye ne da tsofaffin da 'ya'yansu suka yi nisa. A Yohanna 19:26-27, Ubangijinmu yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa, ya kuwa kai ta gidansa. Dattawa su rubuta sunayensu, a san wanda zai kai wa kowacce ziyara. Mai wa'azi kuma ya tuna akwai matan da Allah bai ba su haihuwa ba, amma sun reni marayu. In za a kira iyaye su miƙe a yi masu addu'a, a kira har da su.