Daga Fadar Ingila Zuwa Gonakin Ɗambatta: Wa Ke Da Ikon Aza Haraji?



Idan muka duba tarihin mulkin Ingila, za mu ga cewa rigimar sarakunansu da majalisa a kan kuɗi ta taso. A 1215 manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya amince da takardar Magna Carta, wadda ta taƙaita ikonsa na karɓar kuɗi ba da shawara ba. Sarki Charles na Ɗaya ya yi shekara goma sha ɗaya, daga 1629 zuwa 1640, yana mulki ba majalisa, yana tara kuɗi yadda ya ga dama. Ƙarshen al'amarin yaƙin basasa ne, aka sare kansa a 1649. A 1689 aka kafa doka cewa sarki ba shi da ikon aza haraji sai da yardar majalisa. Duk da haka, sai a 1928 matan Ingila suka sami 'yancin ƙuri'a daidai da maza.

To, mu fa? Turawan da suka ɗaure hannun sarkinsu, da suka ci Kano a 1903, sai suka ƙarfafa hannun namu. A ƙarƙashin En'e, alƙali da ɗan doka da gidan yari da baitulmali duk suna hannun sarki. Manomin Ɗambatta ko Bichi ko Kunci, wanda gonarsa ba ta hutawa saboda yawan jama'a, shi ke sayar da gyaɗa ya biya haraji ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, ba a tambayi ra'ayinsa ba.

A 1950 aka fara ja da wannan tsari. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batun gyaran En'e a majalisar Kaduna, a shekarar kuma aka kafa NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta. Talakawa da yawa sun sha ɗauri saboda ita. A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus bayan binciken kuɗin En'e. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, a 1979 matan Arewa suka jefa ƙuri'a a babban zaɓe, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta soke haraji da jangali.

Sai dai mu lura, 'yan'uwa. A Ingila ikon sarki majalisa ya koma, a nan kuwa hannun gwamna ya faɗa. A 2019 aka ƙirƙiro masarautar Bichi da wasu uku, a 2024 aka rushe dokar. A 2024 ɗin ne Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, alamar cewa a dā ba ya isa gare su yadda ya kamata.

Mu da gumin manoma ya kawo mu jami'a, akwai bashi a kanmu. In mun koma gida hutu, mu nemi kansilanmu, mu tambaye shi nawa ya shigo, me aka yi da shi. Wanda ba ya tambayar kuɗinsa, sunan mai mulkinsa kawai ake canja masa.