Kashi na 14: Ranar da na kulle kaina a wajen kwamfutata

Yau labarin kaina zan ba ku, don wani ya turo tambaya: "Na ga ana cewa a mai da kwantena ta zama shel ɗin shiga a Linux, in yi ko kar in yi?" To ɗan'uwa, ni na yi, kuma na sha wuya.

Bari mu fara daga tushe saboda sababbin shiga. Shel shi ne shirin da ke karɓar umarninka idan ka buɗe taminal, kamar Bash ko Zsh. Shel ɗin shiga kuwa shi ne wanda tsarin ke kunna maka da zarar ka sa suna da kalmar sirri. An rubuta shi a ƙarshen layinka cikin fayil ɗin /etc/passwd, kuma da umarnin chsh ake canza shi.

Ita kuma kwantena, wani Linux ne a cikin Linux ɗinka. Ba ta da nata kenel, na uwar kwamfutar take amfani da shi, shi ya sa ba ta da nauyi. Docker ne ya yayata ta tun 2013, daga baya Podman na kamfanin Red Hat ya shigo. Sai Toolbx da aka yi saboda Fedora Silverblue, sannan Distrobox na Luca Di Maio, wanda ya fito a 2021. Da Distrobox za ka iya zama a kan Debian amma kana aiki da manhajojin Arch, kuma fayilolin da ke babban foldarka suna nan a gabanka.

Haka nawa tsarin yake. Tsohuwar laftof, Debian 12 da XFCE, sai kwantenar Arch inda na zuba duk kayan aikina. Kullum sai na rubuta distrobox enter kafin in fara aiki, har abin ya gundure ni. Sai na rubuta ɗan gajeren fayil mai shigar da ni kwantenar kai tsaye, na sa shi cikin /etc/shells, na buga chsh. Wallahi na ji daɗinsa wata da watanni.

Sai na je gida Danchadi hutun sallah, da aikin shafin intanet na wani mai shago da na yi alkawarin miƙa masa washegari. Da dare faifan ya cika. Cikin gaggawa na tura wa uwar kwamfutar umarnin podman system reset don in samu wuri. Ya fito da gargaɗi, ban karanta ba, na danna y. Wannan umarni kuwa ba ya barin komai: kwantenoni da hotunan da aka gina su da su, duk ya share.

Na buɗe taminal, ya ce babu kwantenar, in ƙirƙiri sabuwa? In na ce e, sai an sauko da ita daga intanet, ni kuwa a ɗakina ko saƙon WhatsApp da ƙyar yake fita. In na ce a'a, taminal ya rufe. Na danna Ctrl+Alt+F3, na sa suna da kalmar sirri, tambaya ɗaya ce, sannan ya maido ni wurin shiga. Ban kuma sa wa root kalmar sirri ba lokacin girkawa. Gumi ya keto min. Ƙanena yana gefe yana cewa, "Yaya, ko wutar ce ta ƙona ta?"

Abin da ya cece ni: XFCE bai bi ta shel ɗin shiga ba wajen tashi, don haka allon yana nan. Na danna Alt+F2, na rubuta xfce4-terminal -x /bin/bash, na samu Bash na asali, na buga chsh -s /bin/bash. Fayilolin aikin ba su taɓu ba tunda a babban folda suke. Amma kayan aikin sun tafi. Da safe sai da na hau babur zuwa Bodinga neman sabis mai ƙarfi, na ƙona data, na kuma ba mai shago haƙuri na kwana ɗaya.

To ga abin da na koya. Shel ɗin shiga ba taminal kaɗai ke amfani da shi ba. Idan ka shiga ta ssh, ko ka kwafi fayil da rsync daga wata kwamfuta, duk ta cikinsa ake bi. Shi ne zauren gidan. In ka jingina shi da kwantena, ranar da Podman ya samu matsala ko kwantenar ta ɓace, ka rasa inda za ka tsaya ka yi gyara.

Shawarata: ka bar shel ɗin shiga a Bash na uwar kwamfuta. Ka je saitin taminal ɗinka, akwai wurin sa umarnin da zai fara da shi, ka rubuta distrobox enter da sunan kwantenarka. Sauƙin ɗaya ne, amma Ctrl+Alt+F3 da ssh suna nan lafiya. Masu GNOME kuma ku duba Ptyxis, taminal ne da ke nuna maka kwantenoninka ka zaɓa.

Sannan abu biyu. Ka rubuta jerin manhajojin da ka zuba a kwantena, ka ajiye a babban folda. Kuma kar ka ɗauka Distrobox katanga ce: in ka goge fayil na babban folda daga cikinta, ya tafi ke nan da gaske.

Wanda ya taɓa kulle kansa irin haka, ya ba mu labari a ƙasa, mu ji yadda ya fita. Sai mun haɗu a kashi na gaba, ku huta lafiya.