Daga Rumbu Zuwa Dantsen Yaro: Jawabi ga Ɗaliban Makarantar Lise ta Tuboro a Ranar Abinci ta Duniya



Kowace shekara, ranar 16 ga Oktoba, duniya kan tuna da batun abinci, domin a irin wannan rana ce aka kafa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Rahoton da hukumar ta fitar a 2024 tare da takwarorinta ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023. Wato mutum ɗaya cikin goma sha ɗaya a duniya, a Afirka kuwa ɗaya cikin biyar. Tun 2015 ƙasashe suka yi alkawarin kawar da yunwa kafin 2030, ga shi lokaci yana ƙurewa.

Mai sauraro zai ce, to ina ruwan Tuboro? Ai ƙasarmu ta noma ce. Muna da masara da dawa da gyaɗa da wake, ga auduga da kamfanin SODECOTON yake saye, ga manyan motoci ɗauke da hatsi a kan titin Ngaundare zuwa Mundu, ga hada-hadar kasuwar Mbaibum inda Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya suke haɗuwa. Duk gaskiya ne. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 29 cikin ɗari na yaran Kamaru 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a yankin Arewa kuwa abin ya kai kimanin huɗu cikin goma. Ashe cikar gona ba ita ce cikar kwanon yaro ba.

Ina abincin yake bi? Da kaka, daidai lokacin da kuɗin makaranta da bashin taki suke ƙwanƙwasa ƙofa, manomi kan sayar da amfaninsa da araha. Abin da ya rage, ƙwari da danshi su ci rabonsu a rumbu. Da damina ta tsaya, a watannin Yuli da Agusta, sai ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada, a lokacin da zazzaɓin cizon sauro da zawo suke kayar da yara. Rikicin nesa ma yakan iso mu: yaƙin Ukraine na 2022 ya ɗaga farashin alkama da taki har a kasuwanninmu, kuma tashin hankalin Afirka ta Tsakiya ya koro mana 'yan'uwa da muke raba tukunya da su.

A nan ne aikinku yake. A gidaje da yawa, ku ne masu karatu da lissafi. Abu uku nake roƙonku.

Na farko, lissafin rumbu. Ku zauna da mahaifi da mahaifiya cikin ladabi, ku tambayi mudu nawa ake tuƙawa a rana. Gidan da ke cin mudu 3, idan kwana 300 ne tsakaninsa da sabon hatsi, yana bukatar mudu 900. A ware wannan tukuna, sannan a yi zancen sayarwa. A busar da masara da gyaɗa sarai kafin a adana, domin wadda ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Wake kuwa a zuba shi a buhu mai rufi uku, leda biyu a ciki, a ɗaure kowace tam. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da maganin feshi ba. Wannan dabara a Marwa aka fara gwada ta, tsakanin masanan aikin gona na Kamaru da na Jami'ar Purdue ta Amurka.

Na biyu, awon dantse. Tamowa takan daɗe tana cin yaro kafin ido ya gane. Ga zaren awo mai launi uku, na yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. A kewaya shi a tsakiyar dantsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse ba, ba a sake ba. Kore, daga santimita 12.5 zuwa sama, alhamdu lillahi. Ruwan ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, yaro ya fara ramewa, a kai shi a duba. Ja, ƙasa da 11.5, a nufi asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa. Sannan a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga uku. Idan gurbin ya tsaya, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba ce, kuma haɗarinsa daidai yake da na ja. A Mirriya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye wannan awo, aka ga suna gano yara da wuri, kafin ciwo ya yi nisa. Abin da uwa ta iya, ɗalibin lise ba shi da hujjar kasawa.

Na uku, kwanon ƙanenku. Jariri nono zalla yake bukata har wata shida, ko ruwa ba a ƙara masa. Bayan nan kunun hatsi tsura ba ya gina jiki. A haɗa da garin gyaɗa ko waken suya, da zogale, da ƙwai ko kifi in an samu, a kuma ba ƙaramin yaro kwanonsa daban, don manya kada su riga shi. Kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, su ne harsashin ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka rasa a cikinsu da wuya a maido shi. Ku 'yan mata, ku riƙe karatunku. Yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama girma ba, ita da jaririnta ne suke rabon abincin da bai ishi ɗaya ba.

Cuta ba ta san kan iyaka ba. Yaron da kuka auna, ko daga Mundu ya zo, ko daga rugar makiyaya, ko daga gidan 'yan gudun hijira, dantsensa ɗaya ne da na ƙanenku.

Magabata sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙasar da yaranta suka tashi da yunwa ba za ta sami likitoci da malaman da take nema ba. Kowa ya karɓi zare ɗaya kafin ya fita, ya auna yaran gidansu da na maƙwabta sau ɗaya a wata, ya rubuta a littafi. Wanda ya ga ja ko kumburi, ya raka uwar zuwa cibiyar lafiya mafi kusa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.