Cikar Mutum: Abin da Rayuwar Malam Aminu Kano Ke Koya Mana



Unguwar nan tamu ta Sheshe sunan malami take ɗauke da shi, ɗaya daga cikin Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji. Saboda haka ba baƙon abu ba ne mu taru a nan muna tambaya: wane hali ne ke kai mutum ga cikar baiwar da Allah Ya yi masa? Amsar za mu nema a rayuwar malamin makaranta irinmu, Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a Sudawa a 1920.

Hali na farko shi ne rashin ƙoshi da ilimi. Malam ya fara da karatun allo, ya shiga Shahuci, ya wuce Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna. Yana koyarwa a Bauci bai daina ɗalibta ba: ya zauna da Malam Sa'adu Zungur suna ta muhawara, sannan ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa.

Na biyu shi ne ɗaukar nauyin jama'a. Da ya dawo, bai rungume takardar shaidarsa ya yi shiru ba. A 1948 ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa, domin ya gane tsintsiya sai da ɗauri take shara. Zamanmu na yau jikan wannan tunani ne.

Na uku shi ne ƙarfin zuciya. A 1950 ya ajiye aikinsa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a lokacin da albashin gwamnati yake abin alfahari, ya shiga gwagwarmayar talakawa a NEPU, ya jure tsangwama shekara da shekaru.

Na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne wadatar zuci. Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, amma da ya rasu a 1983 ba dukiya ya bari ba. Gidansa na Gwammaja, Mambayya, yau cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.

'Yan'uwa, mun san halin da muke ciki: aji a cike maƙil, albashi ba ya kai ƙarshen wata. Haƙƙinmu za mu ci gaba da nema, ba ja da baya. Sai dai kada ƙunci ya sa mu manta cewa waɗannan halaye huɗu koyonsu ake yi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da ke zaune a tabarma a ƙarshen aji, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, gobe da safe mu kira sunanta, mu ba ta alli.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya albarkaci aikinmu.