NA'URA A AJI: A FARA DA MALAMI

(Jawabin da wani tsohon shugaban makarantar firamare ya gabatar a taron iyaye da malamai na makarantun 'yan Arewa mazauna Kudu.)



An nemi in yi magana a kan na'urorin zamani da ake shigo da su cikin aji, da kuma hanyoyin da malami zai bi ya ƙara ilmi a kan aikinsa. Na san dalilin da ya sa aka zaɓi wannan magana. A Agege da Idi-Araba, a Sabon Ibadan da Shagamu, har Anacha da Fatakwal, jama'armu sun kafa makarantu da gumin goshinsu, da kuɗin goro da na shanu da na tireda. Yanzu kuwa dillalai suna zagayawa suna cewa makarantar da ba ta da kwamfuta an bar ta a baya. Kuɗinmu kaɗan ne, in an kashe su a wuri guda ba za su kai wani wurin ba. Saboda haka tilas mu san abin da za mu fara saye.

Da fari dai, kada wani ya ɗauka cewa za mu iya juya wa na'ura baya. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta baki ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko da ya san amsa, lokaci zai ƙare masa yana lalube. Haka kuma a watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi da dama ta rediyo da talabijin suka ci gaba da ba da darasi. Don haka bukata tana nan, ba mai musun ta. Abin tambaya shi ne, a hannun wa za a sa na'urar, kuma da wane shiri?

Wannan tambaya tsohuwa ce. Dattawan da ke nan sun tuna majigi, wanda ake yawo da shi gari gari zamanin Yaƙi da Jahilci. A 1959 aka buɗe tashar talabijin ta Ibadan, kuma ilmantarwa tana cikin manyan dalilan da gwamnatin Yamma ta bayar na kafa ta. A Jamhuriyar Nijar, a 1964, an fara koyar da 'yan firamare ta talabijin da taimakon Faransa. Ƙasar Kwaddebuwa ta ɗauki irin wannan shiri a 1971, ta watsa shi ko'ina, ta kashe dukiya mai yawa, amma a farkon shekarun 1980 aka yi watsi da shi, bayan iyaye da malamai sun yi ta kuka da shi.

Misali na kusa shi ne ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka. Gwamnatinta ta sayi dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci ta raba wa 'yan firamare, kowane yaro da tasa. A 2012 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi a makarantu 319 na ƙauyuka. An tarar yara sun iya sarrafa kwamfutar sosai, amma a lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba su ba. Kaya sun isa aji, alhali yadda malami yake koyarwa yana nan yadda yake.

Sa'an nan mu dubi ƙasar Kenya, inda aka bi wata hanya dabam. A shirin koyar da karatu da suka fara a faɗin ƙasa a 2015, an ba kowane yaro littafi, an ba malami jagoran darasi, an kuma horar da shi. Ƙaramar kwamfutar hannu kuwa, jami'in da ke zagaya makarantu aka ba. Zai zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya gwada karatun yara biyu ko uku, ya rubuta abin da ya gani, kana ya zauna da malamin su tattauna inda za a gyara. Karatun yara ya ƙaru ƙwarai. A nan gida ma, Jihar Edo a 2018 da Jihar Legas a 2019 sun fara shirin ba malaman firamare irin wannan na'ura mai ɗauke da darussan kowace rana, wadda kuma take nuna ko malami ya zo aiki. Wasu masana sun yi kashedi cewa malami na iya zama mai karanto abin da aka rubuta masa kurum, kuma kashedin yana da tushe. Duk da haka abin lura shi ne, inda aka ga amfani, an haɗa na'urar da horo da kuma bibiya.

To, yaya malaminmu yake? A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Dole ta sa aka ɗebi malamai da gaggawa, da yawa ba su da cikakken horo. A wannan shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, watau NTI, domin malami ya ƙara karatu daga nesa ba tare da ya bar ajinsa ba. A yau takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da gwamnati ta amince a shiga aji da ita, kuma akwai hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993. Amma takarda dabam, iyawa dabam. A 2017 Jihar Kaduna ta gwada malaman firamare kimanin 33,000 da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta gardama a kan yadda aka shirya gwajin. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, malamin da aka bari shekara da shekaru ba horo, ba littafi, albashi kuma ba ya zuwa a kan kari, ilminsa dushewa yake yi, ko a Arewa yake ko a Kudu.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu mazauna Kudu. Yaronmu da Hausa yake tashi a gida, a titi yana jin Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka, a aji kuma ana bukatar Turancin littafi. Yawancin darussan da ke cikin na'urorin nan ba a shirya su don irin wannan yaro ba. Malamin da ya san harshen gidan yaron ne zai gane cewa lissafin ya fahimta, kalmar Turancin ce ta tsaya masa. Hatta manhajojin nan na zamani masu amsa tambaya suna iya taimakon malami wajen shirya darasi, amma suna yin kuskure, musamman da Hausa, kuma sai mai ilmin abin ne zai kama kuskuren.

Saboda haka ga shawarata ga kwamitocin makarantunmu. Na farko, kafin a sayi kwamfuta ko ɗaya, a zauna a rubuta sunan kowane malami da takardar da yake da ita. Wanda ba shi da NCE a taimaka masa da kuɗin rajista a NTI, wadda take da cibiyoyin karatu a jihohi. Mai NCE kuma a ƙarfafa masa ya nemi digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a 2002. A ƙulla yarjejeniya da shi cewa zai yi wa makarantar aiki wasu shekaru bayan ya gama.

Na biyu, a ware sa'a biyu kowane mako malamai su zauna tare. Wayar da ke aljihun malami ta isa a fara da ita: a ɗauki darasinsa da yardarsa, a kalla tare, abokan aiki su nuna masa inda yara suka ɓace masa. Wannan ba ya cin ko kwabo, sai haƙuri da sakin fuska.

Na uku, in lokacin sayen kwamfuta ya yi, a fara lissafa wuta da gyara da ɗakin ajiya mai makulli. Kwamfuta goma masu aiki da wutar sola sun fi hamsin da ke jiran man janareta. A tsara jadawali yadda kowane aji zai samu rabonsa, 'yan mata daidai da maza, a kuma fifita masu shirin jarrabawa. Makarantu biyu ko uku na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su yi ɗaki guda.

Na huɗu, a gwada. A farkon zango a sa kowane yaro ya karanta ɗan gajeren labari, a rubuta kalmomi nawa ya karanta daidai cikin minti ɗaya. A ƙarshen zango a sake. In adadin bai motsa ba, kuɗinmu ba su yi aiki ba, kome kyan na'urar.

Iyaye, ku ne masu biya, kuna da ikon tambaya. In aka zo muku da takardar karo-karo don sayen na'ura, ku tambayi wane malami aka horar, yaushe, kuma wa zai riƙa bibiyarsa. In an ba ku amsa mai gamsarwa ku bayar hannu sake. In ba a ba ku ba, ku ce a fara da malami tukuna.

 Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya saka wa malamansu da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.