Jawabi kan Zaɓen Irin Bishiyar Turare Kafin a Dasa a Filayen Wakafi

Malamanmu, iyayenmu masu ba da gudummawa, da wakilan kwamitocin masallatai, Allah Ya saka da alheri.

Da yawa daga cikinku kun nemi a dasa bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, a filayen da aka bayar wakafi. Shawarar tana da hujja. Idan aka sare turare kututturenta yakan sake tofo, bayan wasu shekaru a sake sara a sayar da sanduna. Asali yana nan, amfani yana fita, wanda shi ne tsarin wakafi tun filin Sayyidina Umar na Haibara. Sai dai a nan haɗarin yake: iri maras kyau shi ma tofowa yake yi, kuskuren ranar dashe ya zauna a fili shekara ashirin ko fiye.

Asalin bishiyar daga Ostireliya ne, nau'o'inta kuma sun haura 700. Wadda ta fi yawa a ƙasarmu ita ce camaldulensis, amma ko a cikinta akwai bambanci mai nisa. Tun shekarun 1960 masu binciken gandun daji suka gwada irinta a Afaka kusa da Kaduna. Irin da aka ɗebo daga Petford da Katherine, a arewacin Ostireliya inda ake damina da zafi sannan a yi dogon rani kamar namu, shi ya yi fice. Na tafkin Albacutya da ke kudu, inda ruwa ke sauka da sanyi, ya karɓi ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, bai karɓi irin yanayinmu ba. Suna ɗaya, ganye ɗaya, girma daban.

Ko an samu iri mai kyau, 'ya'yan da suka fito daga ƙwaya ba sa zama ɗaya. Wata ta miƙe, wata ta karkace. Shi ya sa a shekarun 1970, a Pointe-Noire ta ƙasar Kongo da kuma Burazil, aka koma zaɓen uwa mafi kyau a yanki rassanta, a sa su yi saiwa a dasa. Kowane dashe yana ɗauke da halin uwarsa sak. Ribar a fili take: sanduna miƙaƙƙu masu kauri ɗaya, waɗanda magina ba sa yi wa tayin raini. Amma raunin uwar ma sak yake zuwa. Idan wani ƙwaro ya fi ƙarfinta, kamar ɗan ƙwaron nan mai kumbura ganye da ya bazu a Afirka bayan shekarar 2000, to gonar gaba ɗaya ta kamu. Kuma uwar da ta yi fice a jar ƙasar Kaduna ba lallai ta jure yashi da ƙarancin ruwan Daura ko Gumel ba.

Don haka roƙonmu ga kowane kwamiti shi ne kada a cika fili a damina ɗaya da abin da aka saya a bakin titi, wanda mai sayarwa ma bai san uwarsa ba. A ware ɗan yanki, a dasa iri huɗu ko biyar da aka san asalinsu, layi-layi, tazarar mita 3, wato kimanin 1,100 a hekta. A kare su daga gara a shekarar farko, domin ita ke cinye ƙanana. Kowane ƙarshen rani a ƙidaya waɗanda suka rayu, a auna kaurinsu daidai ƙirji da igiya, a rubuta a littafin kwamiti. Bayan shekara uku sai a faɗaɗa da biyu ko uku da suka yi fice, ba guda ɗaya ba.

Na san masu bayarwa suna son ganin fili ya yi kore da wuri. Ni ma haka. Muna neman haƙurinku na damina uku. Kuma a nisanta dashen daga rijiyar masallaci da iyakar gonar maƙwabci, saboda turare tana da shan ruwa, saiwarta kuma ba ta san iyaka ba.