KUƊIN AIKE DA KUƊIN MAYARWA: A WUYAN WA SUKE?

(Jawabin da wani ɗan kasuwa daga cikinmu ya gabatar a taron ƙungiya a Lambata)

 

An ba mu minti kaɗan mu yi bayani a kan wata magana da ta sha kawo saɓani a tsakaninmu, wato maganar kayan da mutum ya yi oda daga nesa, aka aiko masa, ya buɗe ya ga ba abin da ya saya ba ne. Kowa ya yarda a mayar da kaya. Inda ake rigima shi ne kuɗin mota. Wa zai biya na kawowa, wa zai biya na mayarwa?

Iyayenmu sun ce ba a cinikin biri a sama, to amma ga shi zamani ya sa muna yi kullum. A da, a gidan waya ake wannan harka. Mutum ya ga takalmi ko agogo a littafin hotunan kaya, ya sayi fas'oda, ya manna kan sarki, ya yi wa wasiƙarsa rajista, ya zauna jiran fasil wata da watanni. Yau kuwa hoto ne za a turo maka a WhatsApp daga Kantin Kwari a Kano, ko Anacha, ko Alaba a Ikko, ka je wurin mai POS ka tura kuɗi, a ba direba ƙunshi a tasha. Mu da muke zaune a mararrabar Suleja, Minna da Lapai, motoci ba sa yanke mana, saboda haka wannan ciniki ya fi yawa a wurinmu, rigimarsa ma haka.

Kwanan baya wani ɗan'uwanmu ya yi wa 'yarsa odar keken ɗinki daga wani gari. Keke ya iso kansa a fashe. Mai kaya ya ce a mayar zai sake wani, amma kuɗin mota ba ruwansa. Ɗan'uwan namu ya biya na kawowa, ya biya na mayarwa, ya sake biyan na kawo sabon. Kuɗin mota sau uku a kan keke ɗaya, alhali ba shi ya fasa ba. Ya haƙura ne don bai san yana da haƙƙi ba.

To, jama'a, yana da shi. Tun 1992 gwamnatin soja ta kafa majalisar kare haƙƙin masu saye da Doka ta 66. Daga baya aka yi sabuwar doka ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC mai hedkwata a nan Abuja kusa da mu. Abubuwa biyu muke so ku riƙe daga cikinta.

Na farko yana sashe na 122. Idan an kawo maka kayan da ba ka samu damar dubawa ba kafin a aiko, ka ga ba su dace da siffar da aka faɗa maka ko samfurin da aka nuna maka ba, kana da ikon ƙin karɓa a mayar maka da kuɗinka cif, muddin ba ka yi jinkirin da ya wuce hankali ba.

Na biyu yana sashe na 132, kuma shi ne ya taɓa maganarmu kai tsaye. Idan kaya sun zo da aibi ko ba su yi aikin da aka san irinsu da shi ba, kana iya mayar da su cikin wata 3 daga ranar da aka kawo, ba tare da an ci ka tara ba, kuma kuɗin mayarwar da abin da zai sami kayan a hanya duk a wuyan mai sayarwa suke. Shi kuma ya gyara, ko ya sake wani, ko ya mayar da kuɗi. Ashe ke nan kuɗin motar da ɗan'uwanmu ya biya don mayar da fasasshen keke ba nasa ba ne ya biya.

Amma akwai wani sharaɗi da ya shafe mu 'yan kasuwa musamman, kada mu fita daga nan da rabin magana. Dokar tana kare wanda ya saya don amfanin kansa ne. Wanda ya yi sari don ya sayar bai shiga ma'anar mai saye a cikinta ba. Wato keken ɗinkin 'yarka ya shiga, amma dilar atamfar da za ka kasa a shago ba ta shiga ba. A nan abin da zai cece ka shi ne alkawarin da kuka ƙulla kafin ka tura kuɗi.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malam. Littafin Risala da muka karanta a Islamiyya ya halatta sayen abin da ke cikin dila bisa takardar da ta bayyana siffarsa, ba sai an kwance ba. Ƙa'idar malaman Malikiyya ita ce, in kaya sun zo yadda aka siffanta, ciniki ya faɗa; in sun saɓa, mai saye yana da zaɓi. Sun kuma bambanta tsakanin mai sayarwar da ya san aibi ya ɓoye da wanda bai sani ba, suka fi tsananta wa mai ɓoyewa. Ga malamanmu nan, sun fi mu sanin bayaninsa dalla-dalla.

Saura hali na uku. Kaya sun zo lafiya lau, yadda aka faɗa, kai ne dai ka ga launin bai yi maka ba ko uwargida ta ce ba ta so. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar 2011 ta ba mai odar nesa kwana 14 ya fasa ko ba dalili, a mayar masa da kuɗin kaya da kuɗin aike na yau da kullum, shi kuma ya biya na mayarwa, sai fa in mai kaya ya ɗauki nauyi ko bai sanar da shi tun farko ba. Kun ga ko can ma wanda ya sake shawara shi ke biyan kuɗin komawa. Mu a nan, in mai kaya ya yarda ya karɓa, alfarma ce ya yi maka, abin da malamai ke kira iƙala. Ka biya kuɗin mota ka yi godiya.

A taƙaice dai, mai laifi shi ke biyan kuɗin mota. Don kada magana ta zama ka ce na ce, muna ba da shawara huɗu.

Ɗaya, kafin ka tura ko kwabo, ka tambaya a rubuce ko da saƙon murya: in kaya sun zo ba daidai ba, wa zai biya na mayarwa? Ka ajiye amsar.

Biyu, ka adana hoton da aka turo maka, da rasit ɗin POS, da lambar mota da ta direba.

Uku, ka buɗe kaya a tasha gaban direba da ɗan kamasho, ka ɗauki hoto. In ba haka ba, mai kaya zai ce direba ne, direba ya ce haka aka ba shi, kai ka tashi a tutar babu.

Huɗu, ka sanar da mai kaya a ranar. Kada ka yi amfani da abu mako biyu sannan ka ce yana da aibi. In ya ƙi sauraro, ka kawo wa ƙungiya mu nemi shugabannin kasuwarsu. In abin amfanin gida ne kuma sulhu ya gagara, ƙofar FCCPC a buɗe take.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, mu tuna mu ma masu aikawa ne. Doya, masara da dawa nawa muke lodawa daga nan zuwa wasu garuruwa bisa magana ta waya kawai? Ranar da aka kira mu aka ce buhu ya zo da ƙwari ko mudu bai cika ba, kada mu ce kuɗin mota ba ruwanmu. Mu baƙi ne da muka zauna a ƙasar Gwari da mutunci, kuma jarin baƙo amanarsa. Dubu biyar ta kuɗin mota ba ta kai a rasa abokin ciniki na shekara ashirin ba.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.